Tsamiyar Doka: Ƙwaron da Ya Yi wa Sarakuna Sutura

A makon nan zan jingine maganar siyasa da ta tsadar rayuwa, ba don sun ƙare ba, sai don wata tambaya da nake so mu yi wa kanmu. Duk wanda ya san suturar Hausa ya san rigar tsamiya, ko da a baki ne. Ita ce rigar da ake ajiyewa a ƙasan adaka, ba a fito da ita sai ranar Sallah ko ranar naɗi, ita ce kuma ɗa yake gada daga ubansa. To amma me ya haɗa riga da tsamiya? Itacen da muke jiƙa 'ya'yansa mu dama kunu ba ya yin auduga, ba a kuma saƙa da ɓawonsa. Nakan yi wa ɗalibaina wannan tambaya, kuma amsar da ta fi yawa ita ce wai launin rigar ne ya yi kama da na 'ya'yan tsamiya. Amsa ce ta mai hankali, sai dai ba ita ba ce. Tsamiyar da ke cikin sunan rigar nan wani irin siliki ne, kuma wata tsutsa ce take yin sa a daji, tun kafin mace ta kaɗa, masaƙi ya saƙa, maɗinki ya yi masa aiki. Idan tsutsar ta girma sai ta zama faɗa-wuta, wato irin malam-buɗe-littafin nan na dare mai kewaya fitila. A kansa nake so mu yi magana yau, musamman jinsin da mutanen da suka san daji suke kira tsamiyar doka, masana kuma suke kira Epanaphe moloneyi.

Na san wani zai ce ana ga wata ga wata, malam ya rasa abin rubutu sai ƙwaro. Ina roƙon a yi mini haƙuri zuwa ƙarshen shafi, domin maganar ta taɓa sana'a, ta taɓa lafiya, ta kuma taɓa dajin da muke mayarwa gawayi.

Bari mu fara da asalinsa, kamar yadda ake yi wa baƙo. Tun daga 1758, lokacin da Linnaeus, mutumin Suwidin, ya fitar da bugu na goma na littafinsa na tsara halittu, masana dabbobi suka amince kowane jinsi ya sami suna mai kalma biyu: ta farko sunan gidan da ya fito, ta biyu sunansa na kansa. Gidaje masu kama da juna sukan taru su zama dangi, dangogi kuma su taru su zama babban rukuni. Rukunin da ya haɗa malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta da asun da ke cin tufafi shi ne Lepidoptera, ma'ana masu fukafukai masu ƙananan ɓawo. Wannan garin da yake manne wa yatsa idan ka kama ɗaya, ɓawon ke nan. An bayyana jinsi wajen 160,000 a cikin rukunin, kuma malam-buɗe-littafi na rana, wanda kowa ya sani yake kuma yaba kyansa, bai kai 20,000 ba a ciki. Sauran duk 'yan dare ne ko makamantansu. Wato wanda muke yi wa kallon bare shi ne mai gida, mai kwalliyar nan na rana kuwa reshe guda ne kawai a cikin zuriyarsa.

Wanda ya raɗa wa namu suna wani Bature ne ɗan Ingila mai suna Herbert Druce, a 1887. Ya kira shi Anaphe moloneyi. Kalmar farko sunan gida ne da Francis Walker ya kafa a 1855, ta biyu kuwa don girmama Alfred Moloney, wanda ya yi gwamnan mulkin mallaka a Legas daga 1886 zuwa 1891. Mutanen Legas sun san titin da ke ɗauke da sunansa har yau. Moloney mutum ne mai sha'awar itatuwa da ƙwari, har ya wallafa littafi a kan dazuzzukan Afirka ta Yamma a wannan shekara ta 1887. Ba ni da ja da ƙoƙarinsa. Amma abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, a lokacin da aka manna wa ƙwaron nan sunan gwamna, matan Kano da Zazzau da Bida sun daɗe suna kaɗa zarensa, kuma suna da sunan da suke kiran sa da shi. Itacen da tsutsar ke ci ya fi ta sa'a. Da masanan tsirrai na lambun Kew, Craib da Stapf, suka bayyana shi a farkon ƙarni na 20, sai suka bar masa sunansa na Hausa, suka kira shi Isoberlinia doka. Duk masanin tsirrai a duniya da ya ambaci itacen nan, Hausa yake yi bai sani ba.

Sunan bai zauna yadda Druce ya bar shi ba. A 1904 wani masani ɗan Suwidin, Christopher Aurivillius, ya kafa sabon gida mai suna Epanaphe, kuma can aka mayar da tsamiyar doka. Shi ya sa a littattafan masana za ka ga an sa sunan Druce da shekarar a cikin baka biyu, alamar cewa an yi wa jinsin ƙaura daga gidan da aka fara ajiye shi. Irin wannan sauyi yakan ɗaure wa ɗalibai kai, har su ɗauka neman suna ne kawai irin na malaman boko. Ga misali daga gida ɗaya. Tsofaffin rahotannin Turawan mulki a kan silikin Najeriya cike suke da sunan Anaphe infracta. Daga baya aka gane cewa jinsi ɗaya ne da wanda Boisduval, Bafaranshe, ya riga ya bayyana daga kudancin Afirka tun 1847 da sunan panda, kuma ƙa'ida ita ce sunan da ya rigaya shi ne mai gida. Saboda haka ɗalibin da ya nemi Anaphe panda kaɗai zai tsallake abin da aka rubuta a kan ƙasarsa, wanda kuma ya nemi infracta kaɗai ba zai ga binciken da aka yi a Kenya ba, alhali ƙwaro ɗaya ake magana a kai. Wannan ba ƙaramar asara ba ce ga mai bincike.

Inda tsarin ya fi amfani shi ne wurin gane dangi, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mai jin an ce siliki zai zaci tsamiyar doka 'yar uwar tsutsar silikin ƙasar Sin ce, wato Bombyx mori mai cin ganyen malberi. Ko kusa. Kama da wane ba ta wane. Tsutsar Sin tana cikin dangin Bombycidae, tamu kuwa tana cikin dangin Notodontidae, a wani reshe mai suna Thaumetopoeinae, wanda a da ake lissafa shi dangi mai zaman kansa kafin a shigar da shi ƙarƙashin wancan. 'Yan uwanta na kusa su ne tsutsotsin da Turawa ke kira masu jerin gwano, waɗanda suke addabar itatuwa a kudancin Turai. Sunan ya samo asali ne daga tafiyarsu: sukan fito daga sheƙa a layi ɗaya, kan wannan a gindin waccan, suna bin zaren siliki da ƙanshin da ta gaba ta bari. Wani masanin ƙwari Bafaranshe, Jean-Henri Fabre, ya taɓa sa su a bakin tukunyar fure har layin ya haɗe ya zama da'ira, suka yi ta zagaye kusan mako guda ga abinci a kusa da su. Duk lokacin da na karanta labarin nan sai wasu tarurrukan kwamiti su faɗo mini a rai, amma wannan zance ne na wata rana.

Abu biyu suka gada a wannan reshe, kuma duka biyun suna tare da namu. Na farko zaman tare: ba sa rabuwa tun daga ƙyanƙyasa har saƙar gida. Na biyu gashi mai ƙaiƙayi, irin wanda duk yaron da ya taɓa gizaka ya san zafinsa. A Turai gashin 'yan uwan nasu matsala ce ta lafiyar jama'a, har hukumomi a Landan suke yaƙi da jinsin da ke cin itacen oak tun da ya bayyana a can wajen 2006. A nan kuwa matan da suke gyaran sheƙar tsamiya sun san ƙaiƙayin tun ba a rubuta shi ba. Ka ga ke nan, da zarar an ce maka ga reshen da ƙwaro ya fito, ka riga ka san yadda za ka kama shi da abin da za ka kiyaya, ko da ba ka taɓa ganin sa ba.

Rayuwar waɗannan 'yan uwa na Afirka, Anaphe da Epanaphe, tana tafiya ne da damina. Uwar faɗa-wuta ce matsakaiciya, fukafukanta farare ne masu ɗan ratsin ƙasa-ƙasa, ba ta da wani ado da zai sa a waiwaye ta. Takan zuba ƙwai a dunƙule a jikin ganye, ta rufe su da gashin da ke ƙarshen cikinta, wanda shi ma yana da ƙaiƙayi, ya zama musu garkuwa. Kwanakinta kaɗan ne, domin a wannan reshe manya ba su da cikakken bakin zuƙar ruwan fure. Da guzurin da suka tara suna tsutsa suke rayuwa har su yi barbara su mutu. Tsutsa ita ce mai dogon zamani. A jinsin panda, wanda aka fi nazari a kansa, takan yi kusan wata uku tana cin ganye tana saɓa, kamar yadda maciji yake yi, kafin ta kai munzali. Daga nan sai ɗaruruwansu su taru wuri ɗaya su saƙa babban gida na gayya, sannan kowace ta saƙa nata ɗan ɗaki a ciki ta kwanta, har lokacin da za ta fito da fukafukai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji Hausawa, kuma tsutsa ɗaya ba za ta iya wannan gini ba. Wannan dunƙulen gida shi ne mafarauta da makiyaya da sauran masu shiga daji suke ɓamɓarowa su kawo kasuwa. Na jinsunan kudu ya fi duhu, ja-ja ne zuwa ƙasa-ƙasa. Na tsamiyar doka ya fi haske, shi ya sa masu aikin riga suka so shi.

A nan ne bambancinta da tsutsar Sin ya zama maganar sana'a. Tsutsar Sin ita kaɗai take saƙa gidanta, da zare ɗaya tilo wanda yakan kai mita 900. Ana jefa gidan a ruwan zafi, a nemo bakin zaren, a yi ta warwarewa. Amma dole a kashe tsutsar da zafi tun tana ciki, domin in aka bari ta fito za ta huda gidan ta tsinka zaren gunduwa-gunduwa. Gidan tsamiya kuwa aikin baki ɗari ne, zare ya shiga zare, babu bakin da za a kama a warware. Sai dai a bi da shi yadda ake bi da auduga. Ana dafa shi a ruwan toka ya daɗe a wuta har danƙon da ya haɗa zarurrukan ya narke, a wanke, a shanya, a tsettsefe da hannu a fitar da datti, sannan mace ta ɗauki mazari da alli ta kaɗa. Zaren da yake fitowa ba ya da santsi da walƙiyar silikin Sin. Yana da ɗan kaushi, yana da ƙarfi, kuma galibi a launinsa na asali ake barin sa. Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo bayan wannan: tun da kaɗawa ake yi ba warwarewa ba, hudar da faɗa-wuta ya yi ya fita ba ta ɓata komai. Ana iya jira ya fita, ya je ya yi ƙwan baɗi, sannan a ɗebi gidan da ya bari. Siliki ne da za a iya girba ba tare da an kashe iri ba, in har mai ɗiba ya san lokaci kuma ya yi haƙuri. In ya yi gaggawa ya ɓamɓaro gida da masu gida a ciki, to ya cinye irin shuka ke nan.

Ba ƙaramin matsayi zaren nan ya riƙe ba. A ƙarni na 19, siliki iri biyu ne a kasuwar Kano. Akwai alharini, jan silikin nan da fatake suke kawowa ta hamada daga Tarabulus, wanda Heinrich Barth ya tarar ana cinikinsa da ya zo Kano a 1851. Akwai kuma tsamiya, wadda ba ta bi ayarin raƙuma ba, daga dajinmu take. Da ita ake saƙa ƙyallen da ake ɗinka manyan riguna, da ita kuma ake yin aikin aska biyu da aska takwas a ƙirjin riga. Yarbawa suna kiran nasu sanyan, kuma yana cikin manyan tufafin saƙarsu na alfarma. Dogon na Mali da Marka na Burkina Faso su ma suna saƙa zannuwa da silikin daji na wannan dangi. A yau yawancin abin da ake sayarwa da sunan tsamiya ko sanyan auduga ce ko zaren kanti da aka rina ya yi launin. Ban ga laifin masaƙin da ya bi abin da kasuwa ke so ba. Sai dai sunan ya rage, abin da ake kira da sunan yana ɓacewa, har ta kai jikokin masu kaɗin suna zaton launi ake nufi.

Wanda yake ganin rarrabe jinsi wasan malamai ne, ga labarin da ya kamata ya ji. Tun daga ƙarshen shekarun 1950 likitoci a ƙasar Ijesha, kudu maso yammacin Najeriya, suke ganin wata cuta da take zuwa da damina. Mutum yana lafiya lau, bayan ya ci abinci sai jiki ya kama rawa, tafiya ta gagara, magana ta sarƙe. Shekara da shekaru ana ta hasashe. Sai a 1993 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya, Bola Adamolekun, ya danganta ta da cin tsutsar Anaphe venata, 'yar uwar tamu da ke cin ganyen itacen obeche, wadda ake soyawa a sayar a kasuwa a daidai wannan lokaci na shekara. A 2000 wasu masana daga Japan suka nuna cewa ƙwaron yana ɗauke da wani sinadari mai rusa bitamin B1, kuma sinadarin yana jure zafi ƙwarai. Mutumin da abincinsa rogo ne da doya, wanda dama bitamin ɗin bai wadace shi ba, shi ne yake faɗuwa. Magani kuwa mai arha ne: a ba shi bitamin ɗin. To, a ƙasar Nufe da wasu sassan Burkina Faso ana cin wata tsutsa dabam, mai cin ganyen kaɗanya, daga gidan Cirina, wadda danginta ma ba ɗaya ba ne da waɗannan. Jami'in lafiyar da bai san bambanci ba, ko dai ya yi musu kuɗin goro ya hana mutane abincinsu, ko ya ƙyale duka. Sunan jinsi ne ya raba gardamar.

Manoman tumatir na Kadawa ma sun ɗanɗana. A 2016 wani ɗan ƙaramin faɗa-wuta ya cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Asalinsa Kudancin Amurka ne. Daga Peru aka fara bayyana shi a 1917, ya shiga Sifen a 2006, aka san shi da Tuta absoluta. Duk abin da duniya ta koya a kansa, daga tarkon ƙanshi zuwa magungunan da ya riga ya saba da su, yana rataye ne a jikin wannan suna. Manomin da ya ce tsutsa ce kawai, ya yi ta feshi da abin da ya saba, kuɗinsa ya ƙone tare da gonar.

Mu koma dajin doka. Itacen nan shi ne sarkin dajin da ya ratsa kudancin ƙasar Hausa, daga yankin Birnin Gwari da gandun Kamuku, ta Falgore, zuwa ƙasar Bauchi. Ba a shuka shi, ba a cin 'ya'yansa kamar ɗorawa ko kaɗanya, saboda haka idan aka zo sharar gona ba ya cikin waɗanda ake ƙyalewa. Duk wanda yake bin manyan hanyoyinmu ya ga buhunan gawayi jibge a bakin titi, ya kuma ga motocin itace suna shiga birane dare da rana, musamman tun da kalanzir da gas suka fi ƙarfin talaka. Ba na zagin matar da ta sayi gawayi don ta dafa wa 'ya'yanta tuwo. Amma tsutsar da take rayuwa cikin taro tana bukatar itace mai yalwar ganye, da wani a kusa da shi idan wannan ya ƙare. Doka yana tohuwa bayan sara, gaskiya ne, sai dai tohon da ake sarewa duk bayan 'yan shekaru, wuta kuma ta bi ta kansa kowane rani, ba daji ba ne. Ga kuma wani baƙin ciki a kan wannan: dazuzzukan da doka ya fi saura a cikinsu, da yawansu su ne waɗanda rashin tsaro ya hana shiga. Babu malamin da zai tura ɗalibi ya kwana da fitilar kama ƙwari a dajin Birnin Gwari. Asarar da 'yan bindiga suka jawo mana ta rayuka ce da dukiya kafin komai, amma har da ta ilimi a ciki, ita ce kuma ba a lissafawa.

Wasu sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi, wadda Farfesa Thomas Odhiambo ya kafa a 1970, ta yi aiki a kan Anaphe panda tare da mutanen da ke zaune a gefen dajin Kakamega a yammacin Kenya. Sun bi rayuwar ƙwaron a kan itacen da yake ci, suka kuma gwada wata dabara mai sauƙi, wato rufe reshen da ƙananan tsutsotsi suke kai da raga don kare su daga tsuntsaye da sauran maƙiya, sai waɗanda suke kaiwa ga saƙa suka ƙaru. Manufar ita ce mutumin gefen daji ya sami dalilin barin itace a tsaye. Abin da ya kamata ya tsaya mana a rai shi ne, mu da muke da sana'ar tun kaka da kakanni, da masu kaɗi, da masaƙa, da masu aikin riga, da sarakunan da za su saya, mu ne ya fi dacewa mu riga kowa. Ba na cikin masu cewa silikin daji zai maye gurbin man fetur. Irin wannan cika baki ne yake kashe kowace shawara mai kyau a ƙasar nan. Kaya ne na ƙalilan, mai tsada, mai wahalar aiki. Amma rigar da za a iya rantsuwa cewa tsamiya ce ta gaske tana da masu saye, a gida da waje.

Aikin farko ba ya bukatar biliyoyi. Rahotannin farkon ƙarni na 20 sun rubuta sunaye irin su tsamiyar tsamiya da tsamiyar doka, wato mutanenmu suna rarrabe silikin da itacen da tsutsar ta ci. Wannan tsari ne na ilimi, kuma ya yi daidai da yadda masana suke yi, domin a wurinsu ma itacen da tsutsa ke ci babbar shaida ce. Akwai ma wani jinsi a gida ɗaya, Epanaphe vuilleti, da aka sani da cin ganyen tsamiya a yammacin Sahel, abin da yake nuna inda sunan silikin ya samo tushe. Abin da nake so in gani shi ne ɗalibin sashen Hausa da ɗalibin sashen nazarin halittu su fita tare. Na farko ya zauna da tsofaffin mata masu kaɗi da dillalan zare a kasuwar Kurmi da Zariya da Bida, ya rubuta kowane suna da yadda ake gane shi, da watan da ake ɗiba, da dajin da ake kawowa daga ciki. Na biyu ya karɓi gidan tsutsar, ya ajiye shi a keji har faɗa-wuta ya fito, ya busar da shi, ya rubuta wuri da rana da itace, ya kai ɗakin adana ƙwari na Samaru, inda za a gwada shi da waɗanda aka tara a baya. Tun daga 2003 akwai kuma hanyar tantance jinsi da ɗan guntun ƙwayar halitta, wadda ƙafa ɗaya ta ƙwaro ta isa a yi ta. A ƙarshe a fito da jadawali mai sunan Hausa a dama, sunan masana a hagu, da hoton uwa da tsutsa da gida.

Samfuran da aka fara raɗa wa waɗannan ƙwari suna da su galibi suna gidajen tarihi na Turai, kuma za su jira mu ko shekara nawa ne, a cikin akwatunansu. Matan da suka san yawan tokar da ake zubawa da tsawon dahuwar, suka kuma san tsamiyar doka da taɓawa kawai, su ne ba za su jira ba. Mafi yawan waɗanda suka rage sun tsufa, 'ya'yansu kuma ba su ɗauki mazari ba. Saboda haka ina roƙon mai karatun da ke da irin wannan tsohuwa a gida, ko yake da rigar tsamiya ta gado a adaka, ko ya taɓa ganin gidan tsutsar a jikin doka ko tsamiya a garinsu, ya rubuto ta adireshin jaridar nan, ya faɗi sunan garin da sunan da suke kiran abin da shi da watan da ya gan shi. Abin da ya taru zan kawo shi a wannan fili, in Allah Ya kai mu.